Ƙamshin Magarya

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Mahdiya a Sabha, ta ce ta zo kawo rahoton mutuwa. Kofur ɗin da ke kan kanta bai gane Larabcinta ba, sai ya tura ta wurin Insfekta Mansour. Shi Mansour ɗan ƙasa ne, amma kakarsa ta wajen uwa 'yar Damagaram ce, a hannunta ya tashi. Hausa a bakinsa sai ka ce a can aka yanke masa cibiya.

"Sunanki, baiwar Allah?"

"Kaoussara. 'Yar Tawa ce ni, abinci nake sayarwa a nan unguwar."

"Wa ya rasu?"

"Ƙanena, Rabiou. Aikin garka yake yi a wata gona a Samnu."

"Ina gawar?"

"Ban gan ta ba."

"To wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ji na yi."

Insfekta ya ajiye biro. Ba yau ya fara ganin masu zuwa da mafarki ofis ba, kuma ba ya da haƙuri da su. Amma wannan ba ta kuka, ba ta rantse-rantse. Ta dai zauna ta haɗa hannuwa bisa cinya.

Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai, duk ranar da wani nata ya rasu, ko a wace ƙasa yake, sai ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen magarya ya cika mata hanci, irin wanda ake zubawa a ruwan wankan gawa. Haka ta ji na mahaifinta yana can Abijan, kwana tara kafin saƙo ya iso. Haka ta ji na 'yarta.

"A garinmu har mayya aka ce da ni, shi ya sa na daina faɗi. Ranar Alhamis bayan azahar ina tuƙa tuwo ya zo mini. Duk duniya Rabiou kaɗai ya rage mini."

"Kin kira wayarsa?"

"Ba a ɗauka. Sai dai saƙo."

Ta miƙa masa wayarta. Saƙo biyu ne a rubuce, na Juma'a da na Lahadi, wai ya kama hanyar Tarabulus, yana lafiya, kada ta damu. Insfekta ya ja sama ya duba tsofaffin saƙonni. Shekara biyu cur, duk saƙon da Rabiou ya taɓa aikowa na murya ne.

"Ya iya rubutu?"

"Ko sunansa. Bai shiga boko ba." Ta karɓi wayarta. "Ya daɗe yana son tsallaka teku. Wata biyu da suka wuce na yi mafarki ruwa ya rufe masa fuska. Na hana shi, bai ji ba. Sai na roƙi amininsa Daouda, da suke aiki tare, ya sa masa ido."

Hanci ba shaida ba ne a kotu, wannan Insfekta ya sani. Amma wanda bai iya rubutu ba ya wayi gari yana rubuta saƙo, wannan abin dubawa ne. Ya ɗauki makullin mota, ya kira kofur. Kaoussara ta ce ko a ƙasa ne sai ta bi su, don haka ya bar ta ta shiga baya.

Rana ta take lokacin da suka isa gonar. Mai gonar, wani dattijo ɗan Samnu, ya tarbe su a bakin ƙofa, ya ce shi bai san wani Rabiou ba.

"Alhaji, ba takardun ma'aikatanka suka kawo ni ba," in ji Insfekta. "Amma in kana so mu fara da su, sai mu fara."

Nan take ya tuna da Rabiou. Ya ce yaro ne mai ƙwazo, ranar Alhamis ya tafi ko sallama babu. Shi a ranar ya kai tumatir Sabha tare da Saley, tsohon da ke yi wa ma'aikata girki, sai la'asar sakaliya suka dawo.

"Wa aka bari a gonar?"

"Shi da Daouda. Kuma dubi ɓarnar da na tarar." Ya nuna babban tankin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa. "Cike na bar shi. Na dawo an sake shi duka a ƙasa, an goge cikinsa tas. Wai gansakuka ta yi yawa, in ji Daouda."

Aka kira Daouda daga cikin albasa. Dogo ne, siriri, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba. Ya durƙusa ya gaida Kaoussara, ya ce, "Yaya, ina wuni," amma bai ɗaga kai ya dube ta ba.

"Ina Rabiou?" in ji Insfekta.

"Ya tafi arewa, ranka ya daɗe. Ni na raka shi bakin titi."

"Wace irin mota ya shiga?"

"Fara."

"Duk motocin hanyar nan farare ne. Wa ke tuƙi?"

"Ban duba ba."

"Amininka zai tafi teku, ba ka dubi fuskar wanda ya ɗauke shi ba?"

Daouda ya ƙura wa ƙasa ido. Insfekta ya ce ya koma aikinsa, shi kuma ya zaga bayan tankin. A nan akwai wata magarya guda ɗaya. Rassanta na ƙasa an tsige musu ganye ƙarƙaf, na saman kuwa shar da su. Ya tambayi mai gonar ko yana kiwon awaki, ya ce ko ɗaya ba ya da ita. Insfekta ya daɗe tsaye a gindin bishiyar. Ya tuna ranar da aka aike shi tsigo irin wannan ganye don wankan kakarsa.

Baba Saley yana rumfar girki yana yanka kubewa. Da farko ya ce shi tsoho ne, ba ya gani, ba ya ji. Idon Insfekta ya sauka kan wata ƙwarya a gefe, da ɗan ragowar farin gari a manne.

"Baba, wa ya daka gumba?"

"Daouda ne. Sadaka ya yi."

"Yaushe?"

"Ranar Asabar. Ya bi gonaki yana rabawa, har da dabino."

"Sadakar me?"

"Bai faɗa ba."

"Baba, ka girme ni. Alhamis, Juma'a, Asabar. A ƙasarku, wa ake yi wa sadakar gumba a kwana na uku? Matafiyi?"

Wuƙar ta tsaya a hannun tsohon. Hawaye suka bi gemunsa.

"Wallahi ban ga kome da idona ba, ɗana. Amma farin yadin da Daouda ya saya don ɗinkin Sallah babu shi a jakarsa. Kuma kullum bayan sallar asuba sai ya nufi bayan dabinon can, ya daɗe."

Ba su sha wahalar nema ba. Sawun mutum ɗaya ne ya yi hanya cikin yashi, zuwa da dawowa. A ƙarshenta akwai tudun ƙasa mai tsawon mutum, an rufe shi da ƙaya saboda karnuka, an yayyafa masa ruwa, danshin na safiyar nan bai gama bushewa ba. Wanda ke son ɓoye gawa ba haka yake yi ba. Wannan kabari ne na sosai.

Insfekta ya sa kofur ya zo da Daouda. Kaoussara ta biyo su, ba wanda ya iya ce mata ta tsaya.

"Daouda, ina wayar Rabiou?"

Ya zaro ta daga aljihu ya miƙa, sannan ya zube kan gwiwoyinsa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da su Alhaji suka tafi, sai Rabiou ya ɗauko jakarsa, ya ce mota na jiransa a titi. Na ce ba inda za shi, na yi wa Yaya alkawari. Ya ce mafarkin mata ba zai tsare shi ba. Na kama jakar, ya fizge. Muka kama kokawa a bakin tankin. Na ture shi, da ƙarfi na ture shi, don raina ya ɓaci. Kansa ya bugi siminti, ya faɗa ruwa."

"Ka ciro shi?"

"Ban iya iyo ba. Na ruga na buɗe bututu don ruwan ya fita. Kafin ya janye, rai ya yi halinsa."

"Me ya hana ka kawo rahoto?"

"Ba ni da takarda. Kuma da wane baki zan gaya wa Yaya? Teku ta ce in tsare shi daga gare ta, ni kuma na jefa shi a ruwa da hannuna."

Kaoussara ta zauna a ƙasa kusa da ƙayar, a hankali, kamar tsohuwa.

"Da na kama bakina, da yanzu yana hanya," ta ce. "Tun ranar Alhamis nake roƙon Allah Ya sa sau ɗaya dai hancin nan ya yi mini ƙarya."

Insfekta ya matsa kusa da ita. "Kwanansa ne ya ƙare, baiwar Allah. Ba ke kika ture shi ba."

Ya gaya mata dole likita ya zo a tone, a duba, sannan a mayar da shi, ta gyaɗa kai. Kofur ya sa wa Daouda ankwa, ya ɗaga shi tsaye. Sun yi taku biyar ke nan ta kira sunansa.

"Daouda. Ka yi masa sallah?"

"Na yi, Yaya. Ni kaɗai."

"Wanka fa?"

"Sau uku. Da magarya, bayan azahar."

Ta rufe ido, sai a lokacin hawayen suka zubo.

"Ita na ji," ta ce.

Aka wuce da Daouda zuwa mota.