Kwat Mai Tsagaggen Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Ranar Litinin da safe, a garin Bitola, aka wayi gari babu kwat ɗin aro a shagon hoton Inna Trajanka. Kwat ɗin marigayi mijinta ne. Duk namijin da ya zo ɗaukar hoto ba shiri, shi ake sa masa. Don ya shiga kowa, an tsaga bayansa tun daga wuya har ƙasa, sai a kama shi da maƙalan shanya ta inda kyamara ba ta gani.

Da aka kira 'yar sanda, Saja Dafina, ta tarar da Slavica, mai shirya mutane kafin hoto, tana sharar hawaye. Kayan aron shagon a hannunta suke, Inna kuwa ta rantse in kwat bai dawo ba ta sallame ta.

Dafina ta duba ƙofa, ba a fasa ba. Kyamarori na nan.

"Inna, me kuma ya ɓata?"

"Maƙalan shanya kawai, 'yata."

Dafina ta yi murmushi, don ita ma hoton babanta da ke falo da kwat ɗin aka ɗauka. Ta fara da Slavica.

"Kin iya ɗinki?"

"Ni nake gyara labulen nan."

Sai ta juya ga Blagoj, dattijon da ke gyara fuskoki a kwamfuta.

"Kawu, kai fa?"

"Ni? Kwat uku gare ni, kowanne da bayansa. Tsufa nake cire wa mutane, ba riga ba."

Saura Zlatko mai haska fitila, wanda ya dage yana goge fitilar da ba ta da ƙura.

"Ina ka je jiya Lahadi?"

"Cin abincin rana."

"A ina?"

Blagoj ya cafe: "Gidan su Biljana, 'yar mai gidan burodi! Wata guda kenan yana haska mutane yana kiran sunanta."

Dafina ta buga wa mai burodin waya, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Zlatko?" in ji mutumin. "Ai ya zo neman aure, na ba shi! Yaro mai ladabi, ga kwat mai kyau. Tunda ya shigo bai juya mana baya ba. Ko da zai tafi, da baya da baya ya fita, har ya taka kyanwa."

Shago ya kwashe da dariya, Blagoj har da riƙe ciki.

"Ɓarawon waje kyamara zai ɗauka," in ji Dafina. "Wanda ya haɗa da maƙalai, sawa zai yi. Da Slavica ce, ɗinke shi za ta yi, Kawu kuma ba ya buƙata. Ina kwat, ango?"

Zlatko ya sunkuyar da kai. "Yana gida, yana bushewa. Da babanta ya ce ya yarda, don murna na kifar da kofi a kan kwat ɗin. Yaya Slavica, ki yafe ni."

"Sakarai, da ka tambaye ni ai da na ɗinke maka!"

Inna ta ja kunnensa sosai, sannan ta ce, "Da kwat ɗin nan marigayi ya zo neman aurena. Shi ma kofi ya zuba."

Ta ba Slavica haƙuri a gaban kowa, ta kuma yanke wa Zlatko hukuncin sayo wa shago burodi mai cuku har ranar biki.

Slavica tana nan a bakin aikinta. Blagoj ya yi ta goge tabon kofin kwat ɗin daga hotuna har ya gaji, ya ƙyale. Zlatko ya auri Biljana cikin kwat ɗinsa na kansa, mai baya, Saja Dafina kuwa ta ci rawa a bikin. Tsohon kwat ya koma jikin ƙusarsa.