Jakar da Yaya Ta Ɗinka

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Oga ne ya fara faɗawa shagon kyamarori, rana tsaka, Mai-Tabo na biye da shi da bindiga. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, fuska a rufe.

Shi ya kawo aikin. Yayarsa tela ce. Ta gama karatu ta rasa aiki, ta ce ba za ta yi wa kowa kuka ba, ta sayi keken ɗinki ta koyi ɗinka jakunkunan dogayen gilasan kyamara, irin masu jawo abin nesa ya zo kusa. Soso a ciki, tamfol a waje, kowace jaka daidai da gilashinta. Jiya da suna cin abinci ta ce cikin murna, "Sababbin gilasai sun iso wurin Baba Mai Hoto. Na je na auna su da hannuna." Auta ya kwashi maganar ya kai wa Oga.

"Kwashe! Kwashe duka!" in ji Oga.

Ƙofar ɗakin ciki ta buɗe. Baba Mai Hoto, mai shagon, ya fito, tsoho mai furfura, da doguwar baƙar jaka rataye a kafaɗa. Ya kai hannu zai kare ta.

"Bindiga! Oga, bindiga gare shi!" Mai-Tabo ya yi ihu.

Auta ya san jakar. Shi ya riƙe wa Yaya bakin tamfol ɗin ranar da ta yanka shi. Kalma ɗaya ta isa. Amma tsohon ya san muryarsa tun yana yaro. Ya buɗe baki, ya rufe.

Tau!

Tsohon ya zube, yana rungume da jakar kamar jariri.

"Ciro ta, mu ware!" Oga ya daka wa Auta tsawa.

Auta ya durƙusa ya zare ta daga hannun da bai gama sanyi ba, ya rataya a bayansa.

A wani lungu suka tsaya da babura. Oga ya shiga zazzage gilasan cikin buhu yana jefar da jakunkunan gefe.

"Oga, za su fashe," in ji Auta. "Don haka aka ɗinka musu jaka."

"Ji ƙanin tela! Ƙarfe ne, malam, ba ƙwai ba. Jakunkunan nan sun cika mana wuri. Mai-Tabo, ka san inda za ka zubar da su. Ka same mu wurin Dillali."

Jiniya ta taso daga babban titi. Suka bi ta hanyar bayan gari, duk ramuka. Buhu na tsalle a bayan Oga — ƙwas! ƙwas! — Auta na jin kowace ƙara har cikin haƙoransa.

Dillali ya ɗaga gilashi na farko ya duba a hasken taga, ya ajiye. Ya ɗaga na biyu ya girgiza, wani abu ya yi kacau-kacau a ciki.

"Wannan kwalabe kuka kawo mini?" Ya yi dariya. "Ku kai wa masu gwangwan."

Oga ya juyo a hankali. "Auta, miƙo ta bayanka."

Kafin Auta ya motsa, Mai-Tabo ya shigo yana haki yana washe baki.

"An gama, Oga. Na zube su a kwatar bayan shagon telar. Ina tsaye 'yan sanda suka saka ta a mota. Lambar wayarta ma na ɗinke a cikin kowace jaka!"

Ɗakin ya juya wa Auta.

"Wace tela?"

"Kai ma ka sani," in ji Oga. "Dole hukuma ta samu wanda za ta riƙe kafin mu yi nisa. Mace ce, ba za su daɗe da ita ba. Kawo jakar."

Auta ya ja da baya. Ya banke ƙofa da kafaɗa, ya faɗa kan babur.

"Kama shi! Ɗan iska — harbe shi!"

Tau! Tau! Harsashi ya tsaga madubin babur. Bai waiwaya ba.

A ofishin 'yan sanda ya sami Yaya zaune a kan benci, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta. Ba ta kuka. Sufeto na tsaye a kanta, jakunkuna jiƙe da ruwan kwata zube a kan tebur.

"Ke kika auna kayan jiya. Ke kika san inda suke. Wa kika faɗa wa?"

"Yallaɓai, ɗinkina ne, ba zan musa ba," in ji Yaya, kanta a ɗage. "Mutumin nan shi ya fara ba ni aiki lokacin da kowa ke cewa mace ba za ta iya ba. In da zan ci amanarsa, ba zan bar lambata a ciki ba."

"Ni ta faɗa wa," in ji Auta daga bakin ƙofa.

Bindigogi suka juyo kansa. Ya ɗaga hannu, ya durƙusa, ya sauke jakar a ƙasa a hankali.

"Ba ta san komai ba, Yallaɓai. Hira ce ta gida. Sauran suna wurin Dillali, bayan tashar manyan motoci. Ku yi sauri."

Sufeto ya yi umarni, motoci suka tashi. Kafin la'asar an kawo Oga da ankwa. Mai-Tabo ya yi musayar wuta, gawarsa aka kawo.

Sufeto ya zuge zif ɗin jakar da Auta ya kawo, ya ciro gilashin. Ko ƙwarzane babu.

Yaya ba gilashin take kallo ba. Tana kallon jinin da ya bushe a kan maɗaurin da ta yi wa ɗinki biyu saboda kafaɗar tsohon na ciwo.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kai ka riƙe mini tamfol ɗin nan."

"Ni ne."

"Da ya fito da ita, ka san ba bindiga ba ce?"

Ya so ya ce abin ya zo da sauri. Ya so ya ce bai gani ba.

"Na sani, Yaya."

Ta kawar da kai daga gare shi. Sannan ta miƙe ta gyara tef ɗin wuyanta.

"Yallaɓai, zan iya tafiya? Akwai gidan da zan je gaisuwa."

"Yaya, ki yafe—"

"Ba ni ka kashe ba," ta ce. "Abinci zan riƙa kawo maka, don na yi wa Umma alkawari kafin ta rasu. Amma in na zo, kada ka tambaye ni labarin aiki. Ba zan ƙara yi maka hira ba."

Ta fita. Aka ja ƙofar ƙarfe a kansa, yana jin takunta har ya ɓace.