Ƙoƙon Farko a Gidan Semesa

Ni na kai Semesa wurin wani tsohon boka da motata, shi ya sa har yau hankalina bai kwanta ba.

Semesa taubashina ne, tare muka baro Fiji zuwa birnin Brisbane. Gwamnati na neman mai kawo mata injinan ɗaga jirgin ƙasa idan ya goce daga layi, shi kuwa ko garejin kirki ba shi da shi.

Ɗakin tsohon yana can bayan gidansa, tagogi toshe da tabarma. Gabansa baƙin akushi ne na dama kava, abin shanmu na gargajiya, an ɗaure bakin akushin da gashin mutum. Ya dama, ya tsiyaye ƙoƙo ɗaya a wani rami, ƙasa ta shanye nan take.

"Za ka samu," in ji tsohon. "Amma duk lokacin da injinka ya ɗaga jirgi, ka dama kava a gida. Ƙoƙon farko, ka miƙa wa wani naka."

"Shi ke nan, Baba? Ladanka fa?"

"Wanda na zuba wa zai karɓa da kansa."

A mota na ce, "Taubashi, ban yarda da wannan ba."

"Kai da ko inuwarka ba ka yarda da ita ba!"

Kwangila ta faɗo masa. Jirgin farko da aka ɗaga, ƙaninsa Jone ya sha. Mako bai cika ba muka binne shi. Na biyu, matarsa Mereoni. Tana asibiti yanzu, tana kukan jirgi da bakinta.

Wata Lahadi bayan coci ya tara dangi. Na san an ɗaga jirgi ranar Juma'a. Ina kallo ya tsallake dattawa, ya nufi 'yata Litia da ƙoƙo. A wurinmu kuwa ba a mayar da ƙoƙo.

"Karɓi, 'yata."

Ta ɗaga hannu za ta tafa ta karɓa, yadda al'adarmu take. Na damƙe hannun.

"Taubashi, guba ka dama ne? Sha mu gani tukuna!"

Taubashi kaɗai ke faɗin haka a yi dariya. Dattawa suka kwashe da ita, suna tafa masa. Ya dube ni, ya shanye.

Ranar Laraba aka tsince shi ƙarƙashin injinsa. Sai da aka aro na wani kafin a zaro gawar.

Iyaye, ku ji ni. Mai kwaɗayi ba ya fara cin baƙo. Idan ɗan'uwa ya kuɗance farat ɗaya, kada ku bar 'ya'yanku su zauna kusa da hannunsa.