Auren Shekarar Rashin Mai

A layin gidan man da ke kusa da gadar Wudil Jamaluddeen ya fara ganinta. Kwana uku ke nan adaidaita sahunsa na tsaye a wuri guda, tankar da ake ta cewa tana hanya ba ta iso ba. Ita kuwa tana can gefe cikin masu jarka, ita kaɗai ce mace, rana ta dake ta har fuskarta ta yi ja.

"Sannu da tsayuwa, 'yar'uwa," ya ce. "Zo ki zauna a keken nan. Ko ba ya tafiya, ai yana da inuwa."

Ta shiga ta takure a gefe. Sunanta Radiyya, 'yar Malam Sabo mai lambun tumatir a bakin kogi. Ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinta, shi ya sa ta fito neman man injin ban-ruwa da kanta.

Da la'asar aka fito aka ce babu mai, ba kuma a san ranar zuwansa ba. Ko faɗa ba wanda ya yi, kowa ya watse. Jamaluddeen ya karɓi jarkar da ba komai a cikinta ya raka ta har ƙofar gida, ya dawo da lambar wayarta.

Wata biyu, uku, abin bai gyaru ba. Masu mota suka lulluɓe motocinsu da tamfol, tsofaffin kekuna suka fito daga ɗakin shirgi. Injin niƙa ya tsaya, mata suka koma turmi. Ma'aikatan da ke zuwa Kano kullum suka koma kwana a can sai ƙarshen mako. Daga Indabo a amalanken shanu ake kawo mai naƙuda asibiti, wata ta iso, wata ba ta iso ba. Jamaluddeen ya tura adaidaitarsa zauren gidansu, ya kama dakon kaya a baro ranar kasuwa.

Cajin waya ma sai an bi layi wurin mai sola. Duk da haka saƙonsa ba ya yankewa.

"Hasken idona, cajina ya kusa mutuwa, na ce gara ya ƙare a kanki. Kin ci abinci?"

"Na ci, Jamal ɗina. Yau masara na daka, hannuna duk ya yi bororo. Kar ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinka, ka ji?"

Da Jamaluddeen ya tura kawunsa Ja'afar neman izinin aurenta, Malam Sabo ya saurara har ƙarshe.

"Malam Ja'afar, yaron nan ban san shi da wani aibu ba. Amma da me zai riƙe ta? Da keken da kaji ke kwana a ciki? Ni kaina ga lambuna yana ƙonewa ina kallo."

A lokacin ne Garzali ya shigo. Ɗan bumburutu ne, mai sayar da mai a bayan fage, shi kaɗai babur ɗinsa ke ƙara a unguwar, kuma ya daɗe yana son Radiyya. Ya fara kai wa Malam Sabo galan na mai kyauta. Wata safiya Jamaluddeen ya turo baro ta layinsu, ya ga Radiyya na karɓar jarka daga hannun Garzali, shi kuma yana ta fara'a. Ya juya da baronsa. Kwana takwas bai amsa saƙonta ba.

Ranar Juma'a ta same shi a kasuwa yana sauke buhu.

"Yaya Jamal, me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Mai mai ya zo, ni me zan tsaya yi?"

"Baba ne ya ce in karɓa, ba zan ce masa a'a ba. Kana ganin daɗi nake ji? Lambun nan shi ne cinmu. In ba ka son in karɓi jarkar wani, ka nemo wa tumatir ɗin nan ruwa. Fushinka ba zai shayar da shi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min, Radiyyata."

Ba a yi mako ba injin Malam Sabo ya buga. Makaniki ya ce man gauraye yake da ruwa da kananzir, injin kuma ba zai sake tashi ba. Garzali ya ce shi ma haka aka sayar masa, daga nan ya ɗauke ƙafa.

Jamaluddeen ya je Utai da ƙafa wurin kakansa, tsohon ya nuna masa yadda ake kafa jigo, irin na da, doguwar sanda da guga a gaba, dutse a baya. Ya dawo ya kafa shi a bakin ruwa, gefen lambun Malam Sabo, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Daga sallar asuba har azahar yake jan ruwa, Radiyya na buɗe kwarin da fartanya. Kafaɗarsa ta saɓule. Kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka ceto, sauran ya riga ya bushe.

Wanda aka ceto ɗin ma da ya nuna, babu motar da ta zo ɗauka. Kwanduna suka fara ruɓewa a gona. Suka zauna suna yanka shi suna shanyawa a kan buhuna, Radiyya na yi tana share hawaye.

Malam Sabo, da ya dogara sanda ya zo, ya daɗe yana kallonsu.

"Jamalu," ya ce, "bana dai mun faɗi. Baɗi ma ban ga alama ba. Amma na ga wanda bai gudu ba. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Aka ɗaura aure ranar Asabar a masallacin unguwa. 'Yan'uwan Kano ba su samu zuwa ba, sai waya. Jamaluddeen ya riga ya sayar da adaidaitar ga masu sayen ƙarfe, da kuɗin aka gyara ɗaki ɗaya. Bayan la'asar mata suka ɗauki amarya da ƙafa, kayanta a kawunansu, suna guɗa jefi-jefi saboda gajiya.

Kafin su fita, mahaifiyarta Barakatu ta riƙe hannunta.

"Ban kai ki gidan daɗi ba, 'yata, babu shi yanzu a ko'ina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin juna, ya kawo mana sauƙi."

Da kowa ya watse, Jamaluddeen ya zauna a bakin tabarma, ya kasa ɗaga ido.

"Amaryata, ban san me za mu ci wata mai zuwa ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani tun kafin in zo," ta ce. Ta jawo kwanon tuwon da aka aiko, ta buɗe, ta tura gabansa. "Na yau dai ga shi. Sa hannu, mijina."

Ya yi bismillah, suka ci tare.