Kwamin da Kaji Ke Sha

Ranar Talata da safe, bijimai goma sha ɗaya cikin ashirin na Hajiya Raƙiya suka kasa tashi. Bakinsu na dalalar da miyau, kofato ya ɗaye. Duk fanshonta na malanta yana cikin garken nan na hanyar Bambeye.

Kafin Ajudan Manzo na jandarma ya iso daga Tawa, ƙanenta Muktari, mai riƙe da makullin sito, ya riga ya gama binciken: ya ɗaure Isuhu makiyayi da igiyar shanu.

"Guba ya ba su, ajudan!" in ji Muktari.

"Mi ka ba su, Isuhu?"

"Dussa da harawa, ranka ya daɗe. Abin da nika ba su kullum."

Daniyel, likitan dabbobi, ya buɗe bakin wani sa ya nuna wa Manzo gyambo. "Ba guba ba ce. Ciwon baki da kofato ne. Takalmin wanda ya taka kasuwar dabbobi ya isa ya kawo shi."

"Ba ya yiwuwa!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ko ni sai na taka ruwan girezil, maganin kashe ƙwayar cuta, a ƙofa."

Manzo ya je ƙofar. Kwamin siminti cike da ruwa fari tas, kamar yadda girezil ke yi in an sirka shi. Kaji huɗu suna sha, cikin natsuwar ma'aikatan da aka biya albashi. Ya sunkuya ya shinshina, ya tsoma yatsa ya lasa. Hajiya ta yi salati.

"Wa ka haɗa ruwan ga?"

"Ni," in ji Muktari.

"Buɗe sito."

Jarkar girezil ɗin da Daniyel ya kawo wata biyu da suka wuce babu ita. A gurbinta akwai bokitin ƙullun gero.

"Hajiya," in ji Manzo, "girezil wari gare shi, kaza ba ta kusantarsa. Ƙanenki ya sayar da magani, yana kaɗa ƙullu a ruwa. Duk dillalin da ya shigo daga kasuwar Lahadi, kunu ya taka."

Muktari ya dubi ƙasa. "Yaya, na ga duk fari ne."

Hajiya ta kalle shi. Sannan ta durƙusa da kanta ta kwance Isuhu, ta miƙa wa Manzo igiyar.

"Muna da ankwa, Hajiya."

"A'a. Da wagga za ku tahi da shi."