Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Ziyad

Labarin nan na san shi tun ina koyarwa a birnin Irbid, can ƙasar Larabawa, amma tsufa ya fara yi mini sata. Na manta ko lokacin tsinkar zaitun ne ko bayansa, na kuma daɗe ban tuna ranar da Tahani ta sa hannu a takardar ba. Sauran dai ga shi yadda ya rage mini.

Ranar Juma'a ce, ranar da manyan gidan su Ƙusai za su je nema masa auren Sausan. Tun hantsi Ummansa ke leƙawa ta taga tana gaya wa maƙwabta yau Injiniya zai yi mata suruka. Shekararsa biyu kacal a jami'a, amma tun ranar da aka ɗauke shi karatun injiniya unguwa ta daina kiran sa da sunansa.

Yayarsa Tahani, malamar firamare, tana kicin tana naɗe shinkafa cikin ganyen inabi, ya shigo yana jan ƙafa.

"Ango a kicin! Ko tukunyar ka zo auna mana, Injiniya?"

Bai yi dariya ba. Ya zaro wata takarda ya ajiye a gabanta. Ta goge hannu ta karanta, ta sake karantawa.

"Canjin kwas? Sashen jinya? Nas, kai ɗin?"

"Yaya, wata takwas ɗin da na yi ina juya Abba a gado kafin ya rasu, ina yi masa wanka, a nan kaɗai na san ina da amfani a duniya. A ajin nan zama nake kamar buhun siminti. Sau biyu na faɗi jarrabawa, na ɓoye muku. Jibi za a rufe karɓa, kuma sai da hannun wanda ya tsaya mini."

"Ka san abin da kake roƙona kuwa? Dinari dubu huɗu ka ci na lamunin karatu, ni na tsaya maka. In ka koma aji ɗaya, lokacin biya zai zo kana ɗalibi. Albashin wa za a yanka? Na Umma?"

"Naki," ya ce, kansa a ƙasa.

"Nawa! Ni da tagwaye, ga haya! Kai Ƙusai, ka ji tsoron Allah!"

Hawaye suka zubo mata. Ƙusai ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya tuna kwat ɗin sanyinta da ta shekara huɗu tana sauya wa maɓalli, don kada ya rasa kuɗin mota.

"Sausan ta sani?"

"Ta sani. Ta ce ko shara na zaɓa za ta jira ni, amma kada in bar Baffa ya sha gahawar gidansu a kan ƙarya."

"Ta fi ka hankali. Fita ka ba ni wuri. Bar kwat ɗinka in goge, kada ka je gidan mutane kamar an tauna ka an tofar."

Da ya zo sa kwat ɗin bayan la'asar, sai ya ji takardar a ninke cikin aljihu. Ya ce a ransa ta mayar masa da abinsa ke nan. Kunya ta hana shi ko warware ta.

Mutum talatin suka cika falon Abu Ziyad, mahaifin Sausan. Aka zuba gahawa aka miƙa wa Baffa Mifleh, ƙanen mahaifin Ƙusai. Ya ajiye kofin a gabansa bai kurɓa ba, don ba a sha sai mai gida ya ba da abin da aka zo nema. Ya gyara murya.

"Mun zo nema wa ɗanmu, Injiniya Ƙusai..."

Ƙusai ya miƙe tsaye. Ango ba ya magana a irin wannan zama, kowa ya juyo yana kallonsa.

"Baffa, ka gafarce ni. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma zan zama ba. Jinya nake so in karanta. Zan koma aji ɗaya, da bashi a wuyana."

"Zauna, ɗan nan! Ka haukace?" in ji Baffa Mifleh.

Wani tsoho ya ce daga kusurwa, "Daga gina gada an koma ɗaukar fo!" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Abu Ziyad bai yi dariya ba. Ya dubi yaron ya ce, "Wa ya tsaya maka a bashin?"

"Yayata."

"Ta yarda?"

"Ban sani ba, Baba. Na bar ta tana kuka."

Abu Ziyad ya ja carbinsa. "Da ka yi shiru, da yanzu an sha. Ban ce a'a ba. Amma ba zan ba da 'yata ga mai cin albashin 'yar'uwarsa ba. Ranar da albashinta ya koma cikakke, ku dawo, gahawa ba ta ƙarewa."

Aka tashi, kofin yana nan ya huce. A gida Umma ta rufe taga, ta yi mako ba ta yi masa magana ba.

Ya koma aji ɗaya. Da asuba yana aiki a gidan burodi, da hantsi yana aji. Da lokacin biya ya zo aka fara yankar albashin Tahani, kowane ƙarshen wata ya kan kai mata abin da ya samu cikin ambulan, bai taɓa cika abin da aka yanka ba, bai kuma taɓa iya duban idonta ba. Ita kuwa sai ta ce, "Ajiye can, Likitan allura, zo ka duba mini kunnen yaron nan." Sausan ta mayar da masu nema uku, har da wani injiniya na gaske mai mota. 'Yan'uwanta mata suna yi mata ba'a, wai za ta tsufa tana jiran mai auna zazzaɓi.

A shekara ta shida, yana aiki a asibiti, ya biya dinari na ƙarshe, ya kuma cika wa Tahani abinta. Ranar ya sayo mata sabon kwat. Baffa Mifleh ya sake ajiye kofi a falon nan, bai gama magana ba Abu Ziyad ya ce, "Sha gahawarka, kun samu."

Yarana, gaskiya ta kan jinkirta wa mutum biki, amma ba ta rushe masa gida. Wanda kuma ya ɗauki kayanka a kansa, kada ka huta sai ka sauke masa.

Batun takardar kuwa, bara na haɗu da Tahani a kasuwar kayan miya, na tambaye ta. Ta ce a kan teburin guga ta sa hannu, ranar Juma'ar nan, tun kafin ta ninke ta. Ashe lokacin da ya tsaya gaban mutum talatin yana cewa bai sani ba, hannun yayarsa yana cikin aljihunsa.