Notin da Yaya Bai Ɗaure Ba

Ku yaran yanzu, da ɗan'uwanku ya samu abin da ba ku samu ba sai ranku ya yi baƙi kamar gindin tukunya, haƙora a waje, zuciya tana cizo. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya. Wan bakaniken babura ne, rumfarsa a ƙofar gida. Ƙanin kuwa, Auta, shi ne mahayi. Ya ɗaura jarkokin mai da na ruwa a bayan babur, ya ratsa hamada makonni, ya dawo baƙi wuluk, baki cike da labari. Ranar da ya dawo tsakar gida cika take. Tsohonsu ya riƙa cewa, "Auta namijin duniya." Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya ja sarƙar babur ɗin, wa ya wanke injin. Abin da ya fi ƙona ran Bakanike shi ne 'yarsa tilo. Da ta ji ƙarar babur sai ta watsar da abin hannunta ta ruga, "Oyoyo Baba Ƙarami!" Shi uban da ya haife ta, sannu daga nesa, wai yana warin baƙin mai.

Ana gobe wata tafiya, Auta ya kawo masa babur. Bakanike ya juye tsohon mai, ya zuba sabo, ya mayar da notin ƙasan inji da yatsunsa kawai, bai sa masa sifana ba. A ransa iyaka man ya tsiyaye a bayan gari, namijin duniya ya turo babur gida yana gumi, a yi dariya.

Notin bai faɗi a bayan gari ba. Ya riƙe har tsakiyar hamada.

A bayan babbar mota aka kawo Auta da babur ɗinsa, leɓe a tsage, inji a ƙone. Ya ce ya tsaya shan inuwa a gindin wata bishiya guda tilo, man ya zube duka a nan. Ya kama hannun wansa ya ce, "Yaya, kar ka sa wa ranka, hanya ce." Gida ya koma tattalinsa fiye da da. Bakanike ya haɗiye abinsa.

Bayan kwanaki, da magariba, ana kwashe shanya, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka zagi yaran maƙwabta. Wani dutsen ya faɗo a tsakar gida, aka taɓa shi da zafi kamar an ciro daga murhu. Gida ya yi tsit. A cikin shirun nan suka ji mataccen babur ɗin da ke jingine a zaure yana ƙas, ƙas, ƙas, irin ƙarar injin da ke hucewa bayan doguwar tafiya.

Kullum rana ta faɗi haka ake. Bakanike ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya same shi cike da yashi. Sai ran nan aka nemi 'yar Bakanike aka rasa. A ƙarƙashin babur aka same ta kwance rub da ciki, tana warin ƙonannen mai, tana kuka da muryar jariri.

"Zafi. Bayana zafi."

Bakanike ya juya kan ƙaninsa. "Kai ka kwaso mana! Yawon banza, yawon wofi, ga tsarabar da ka kawo." Auta ya sunkuyar da kai yana hawaye. Allah ya kyauta, har a wannan halin sai da Bakanike ya ji sanyi a ransa da ya ga tsohonsu ya harari Auta.

Aka kira Malam, wani tsoho marar yawan magana. Ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu a kan yarinyar. Ta miƙe zaune. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a bushe kamar wadda ba ta taɓa shan ruwa ba.

"Ɗana yana barci a inuwarmu aka kwarara masa tafasasshen mai. Har yau bai kwanta da baya ba."

Malam ya nuna Auta. "Ga mahayin. Bai san kuna wurin ba."

"Ba ruwana da shi. Ya yi mana sallama kafin ya zauna. Da ya ga man a ƙasa, da hannunsa ya rufe shi da yashi, shi da ƙishirwa ke neman kashewa." Kan yarinyar ya juya a hankali. "Ƙarfen da ya faɗi na shinshina. Na biyo warin yatsun da suka murza shi suka bar shi sako-sako da gangan."

Idonta ya tsaya kan ubanta.

Auta ya ce, "Yaya?"



"'Ya a madadin ɗa," in ji muryar.

Malam ya ce, "Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku. Yarinya ba ta murza komai ba."

"To hannun uban."

"Hannu ya yi yawa, da shi yake ci."

Muryar ta ce, "Yatsu uku da suka yi aikin. Amma shi zai bayar da su da bakinsa."

Bakanike ya dubi 'yar nan da ba ta taɓa yi masa oyoyo ba. Ya miƙa hannun dama. "Ɗauki. Ki bar min 'yata."

Yarinyar ta kama yatsun ta matse, ta yi atishawa, ta sulale. A zaure babur ya yi shiru.

Ta tashi lafiya lau, ba ta tuna komai ba. Yatsun kuwa suna nan a jikinsa, amma sun mutu, ko cokali ba sa riƙewa, balle sifana. Rumfa ta koma hannun wani. Tsohonsu har ya bar duniya bai ƙara kiran sunansa a gaban mutane ba.

Auta ya yafe, shi ne ma ya ɗauki nauyin gidan. Sai dai duk lokacin da tafiya ta taso, yakan tura babur ɗinsa ya wuce ta gaban wansa zuwa rumfar bare. In an gama kuma ya durƙusa da kansa, ya sa sifana ya ƙara ɗaure notin nan. Yaya yana zaune a dakali yana kallo, hannu a cikin riga.